Idan Jari Ya Karye: Magana da Masu Bin Bashi a Alelu, Jega, Aliero da Maiyama

Yawancin cinikin da ake yi a yankin da ya haɗa Alelu da Jega da Aliero da Maiyama, cikin masarautar Gwandu ta Jihar Kebbi, a kan bashi yake tafiya, domin manomi yakan karɓi taki da iri da man injin ban ruwa bisa alkawarin biya idan ya cire amfani, dillali yakan ɗauki buhunan albasa daga hannun manomi a kan sai mota ta dawo daga kudu, mai shago kuma yakan karɓi kaya daga babban ɗan kasuwa ya sayar kafin ya kai kuɗi. Wannan sarƙa ta amana ce ta riƙe kasuwar Jega tun ƙarni na 19, lokacin da ta yi suna cikin manyan kasuwannin Daular Usmaniyya, ita ce kuma ke riƙe da cinikin albasar Aliero a yau. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, saboda haka cin sa bai taɓa zama abin kunya ba a wannan yanki. Abin da ke bambanta wanda ya faɗi ya tashi da wanda ya faɗi ya ɓace shi ne yadda ya yi magana da masu binsa bashi a ranar da jarinsa ya karye.

Yadda jari ke karyewa

Karyewar jari, wadda malaman fiƙihu ke kira falasi, suna kiran mai ita muflisi, ita ce halin da bashin da ke kan mutum ya cinye duk abin da ya mallaka, ta yadda ko an sayar da komai nasa ba zai biya kowa haƙƙinsa cikakke ba. Ta bambanta da matsi na ɗan lokaci, inda mutum yake da kadara ko yake bin wasu kuɗi amma hannunsa ya bushe a ranar biya, kuma gane wannan bambanci shi ne matakin farko, domin mai matsi jinkiri kawai yake buƙata, wanda ya karye kuwa sai an zauna an raba abin da ya rage.

Albasa ta isa misali a kan yadda mutum mai gaskiya yake wayar gari da bashin da ya fi ƙarfinsa. Ana cire ta a ƙarshen rani, lokacin da ta cika kasuwa farashinta ya faɗi, don haka mai neman riba yakan saye ta da yawa, galibi da kuɗin wasu, ya jibge ta a rudu, wato rumfar kara da ciyawa da ake ɗagawa daga ƙasa domin iska ta riƙa ratsa ta, ya jira watannin da za ta yi tsada. Idan zafi ya yi yawa ko danshi ya shiga, ruɓa takan fara daga tsakiyar tarin, inda ido ba ya gani, sai wari ya fallasa ta bayan ɓarna ta yi nisa, a yi ta tsincewa ana zubarwa, buhunan da aka ƙirga a watan farko su koma ƙasa da adadinsu alhali bashin yana nan yadda yake. Wadda ta tsira daga rudu kuma tana da doguwar hanya zuwa Ibadan ko Legas ko Aba, inda lalacewar mota ta kwana biyu ta isa ta ruɓar da lodi, rikici irin na kasuwar Shasha a Ibadan cikin Fabrairun 2021 kuwa yakan cinye dukiyar fatake a yini guda.

Manoman shinkafa na fadamun Gulbin Zamfara su ma sun san irin tasu. A Jihar Kebbi ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Bankin Nijeriya mai suna Anchor Borrowers a watan Nuwamban 2015, dubban manoma suka karɓi kayan noma da sharaɗin biya da amfanin gona, sannan ambaliyar daminar 2020 ta shanye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a jihar. Manomin da ruwa ya ci gonarsa yana da uzuri bayyananne, sai dai uzurin ba ya amfaninsa matuƙar bai kai shi kunnen wanda ya ba shi rance ba a kan lokaci, tare da shaidu.

Abin da dokar ƙasa ta tanada

Nijeriya tana da dokar karyewar arzikin mutum ɗaya tun 1979, kuma Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba Babbar Kotun Tarayya, wadda take da reshe a Birnin Kebbi, hurumin sauraren irin waɗannan shari'o'i. Hanyar shiga biyu ce. Mai bin bashin da bai gaza naira 2,000 ba, adadin da ke nuna tsufan dokar, yana iya shigar da ƙara idan wanda yake bi ya aikata abin da doka ta ɗauka alamar karyewa, kamar ya kasa biyan kuɗin da kotu ta yanke masa cikin kwana 14 bayan an kai masa takardar gargaɗi, shi ma wanda ake bi yana iya zuwa da ƙafarsa ya shaida wa kotu cewa ya gaza biyan basussukansa.

Idan kotu ta gamsu, takan ba da umarnin riƙon dukiya, wanda ke sanya kadarorin mutumin ƙarƙashin kulawar wani jami'i da doka ta tanada domin wannan aiki, daga nan kuma babu mai bin bashin da zai shigar da sabuwar ƙara ko ya ƙwace kaya ba da izinin kotu ba, in ban da wanda yake riƙe da jingina. Duk abin da ya biyo baya magana ce da aka tsara ta daki-daki. Wanda ake bi zai rubuta bayanin halinsa bisa rantsuwa, ya lissafa dukiyarsa da basussukansa da sunayen masu binsa da jinginar da kowa ke riƙe da ita, za a kira taron masu bin bashi inda kowa zai kawo hujjarsa, sannan a yi masa tambayoyi a bainar jama'a a kan yadda ya tafiyar da harkokinsa. A taron masu bin bashin ne yake da damar gabatar da tayin sulhu, wato ya biya wani kaso na kowane bashi a yafe masa saura, ko a tsara masa biya kaɗan-kaɗan, kuma idan masu rinjaye a yawan kai da yawan kuɗi suka amince, kotu ta tabbatar, sulhun ya hau kan kowa. Idan sulhu ya faskara, sai a ayyana shi wanda ya karye, a naɗa amintacce ya sayar da dukiyar ya raba, a bar masa tufafi da shimfiɗa da kayan sana'arsa gwargwado.

Dokar ta tsananta a kan abubuwa biyu da mutane ke ɗauka dabara ce. Na farko shi ne fifita wani mai bin bashi a ɓoye, kamar mutum ya ga karyewa na tafe ya yi sauri ya biya surukinsa ko abokinsa ya bar saura, kotu kuwa tana iya soke irin wannan biya a dawo da kuɗin cikin rabo. Na biyu shi ne ɓoye dukiya ko mayar da ita da sunan wani, wanda laifi ne da ke iya kai mutum gidan yari. Haka kuma, kafin kotu ta sallame shi, wanda aka ayyana ya karye ba zai tsaya takarar majalisa ko gwamna ko shugaban ƙasa ba, ba zai kuma ci sabon bashi mai yawa ba sai ya faɗi halin da yake ciki. Tsadar lauya da nisan kotu da tsoron tonon asiri sun sa da wuya ƙaramin ɗan kasuwa ya bi wannan hanya, amma ginshiƙanta, wato bayyana komai da tara kowa da raba daidai, su ne dai waɗanda ya sani daga wani tushe da ya fi kusa da shi.

Abin da fiƙihun Malikiyya ya tsara

Ƙasar Gwandu da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya yi rubuce-rubuce a kan shari'a da mulki ba baƙuwar wannan babi ba ce, domin Risala da Muhtasar na Halil da Tuhfa, waɗanda ake karantawa a zaurukan malamai kuma alƙalai ke dogaro da su, duk sun yi bayanin hukuncin muflisi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, aya ta 280 kuma ta umarci a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, ta nuna cewa yafewa ta fi alheri. A ɗaya gefen, hadisi ingantacce ya kira jan ƙafar mai hali wajen biyan bashi zalunci. Saboda haka tambayar farko da shari'a ke yi ita ce ko mutumin nan ba shi da shi ne, ko kuwa yana da shi ya hana, amsarta kuma ba ta fitowa sai ya buɗe baki ya kawo shaida.

Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta kawo labarin wani mutumin ƙabilar Juhaina da ya riƙa sayen abin hawa da tsada a kan bashi har ya karye, Halifa Umar ya sanar a bainar jama'a cewa duk mai binsa ya zo da safe a raba abin da ya mallaka a tsakaninsu. A kan irin wannan tushe malaman Malikiyya suka gina hukuncinsu. Tun daga lokacin da bashi ya kewaye dukiyar mutum, ba shi da ikon yin kyauta ko sadaka da ita, domin haƙƙin wasu ya rataya a kanta. Idan alƙali ya ayyana shi muflisi, za a hana shi tasarrufi da dukiyar, basussukan da lokacinsu bai yi ba su zama na biya nan take, a gaggauta sayar da dabbobi, a ɗan jinkirta gida da gona kamar wata biyu domin su yi daraja, a bar masa abinci da suturarsa da ta iyalinsa, sannan a raba kuɗin gwargwadon abin da kowa ke bi. Wanda ya sayar masa da kaya bai karɓi kuɗi ba, ya kuma tarar da kayan nan nasa yadda suke, yana da zaɓin ya ɗauke abinsa ko ya shiga rabo. Iƙirarin da muflisi zai yi cewa wani makusancinsa yana binsa bashi abin tuhuma ne idan babu shaida, wanda rashinsa ya tabbata ta hanyar shaidu da rantsuwa kuwa ba a tsare shi, sai a saurara masa.

Akwai bambanci guda mai nauyi tsakanin wannan da dokar ƙasa. Kotun tarayya tana iya sallamar mutum daga ragowar bashinsa, amma a shari'ar Musulunci abin da ya rage yana nan a wuyansa har ya biya ko mai haƙƙi ya yafe, idan ya rasu kuma sai an fitar da shi kafin a raba gado, abin da ya sa ake cigiyar masu bin mamaci bashi a wurin jana'iza. Ke nan, ga wanda ya kasa biya, kalmar "na yafe" daga bakin mai haƙƙi ita kaɗai ke sauke nauyin gaba ɗaya, ba a kuwa samun ta daga mutumin da aka yi wata uku ana ɓuyar masa.

Zaman sulhu

A aikace, yawancin irin waɗannan matsaloli a zaure suke ƙarewa, gaban liman ko mai unguwa ko hakimi ko shugaban 'yan kasuwa, kuma zaman da ya yi albarka yana da siffa sananniya. Wanda ya karye shi ke fara zuwa, tun kafin a aiko masa, ya sami dattijon da kowa ke jin nauyinsa ya ce: "Allah gafarta Malam, asara ta same ni, abin da ake bi na ya fi abin da ke hannuna, ina roƙon a tara mini mutanen nan in gaya musu gaskiya." Ana kiran kowa rana ɗaya, har da mai ƙaramin bashi irin na mai shayi ko ɗan dako, domin wanda aka manta da shi shi ne zai rushe sulhun daga baya. Bayan addu'a, mai bashin yakan karanto lissafinsa, ya faɗi abin da ya ci a hannun kowa da abin da ya riga ya biya, ya kawo takardun awo da rasidan mota da shaidun asarar, sannan ya lissafa abin da ya rage masa, har da kuɗin da yake bin wasu da zubinsa na adashi.

A ɗauka, alal misali, ana bin mutum naira miliyan 6, mai taki miliyan 3, manomin da ya ba shi albasa miliyan 2, mai mota miliyan 1, abin da ya rage masa kuma bai wuce miliyan 3 ba. Rabon adalci shi ne kowa ya karɓi rabin haƙƙinsa, mai taki miliyan ɗaya da rabi, manomi miliyan 1, mai mota naira 500,000. Da ya lallaɓa da dare ya biya mai taki duka saboda shi ya fi tsoro, da sauran biyun sun tashi hannu rabbana, da kuma ya yi asarar amincewar kasuwa baki ɗaya. Bayan rabo ne ake maganar ragowar, inda wani zai ce, "Alhaji, na ɗaga maka ƙafa zuwa kaka," wani ya yafe rabi, wani ya yafe duka yana cewa Allah ya mayar da alheri. Neman rangwame a irin wannan hali yana da asali, domin ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nemi Ka'abu ɗan Malik ya sauke rabin bashin da yake bin wani sahabi, ya kuma umarci wancan ya tashi ya biya saura.

Abu biyu ke lalata irin wannan zama. Ɗaya shi ne alkawarin da ya fi ƙarfin mai yin sa, wanda kunya ke sa mutum ya furta don a tashi lafiya, alhali alkawari kaya ne, kuma saɓa na biyu ya fi saɓa na farko zafi. Ɗayan shi ne a ƙara kuɗi a kan bashi saboda an ƙara lokaci, wanda shi ne ainihin riba da shari'a ta haramta, yana kuma mayar da mai matsi na shekara ɗaya bawan bashi na shekaru. Duk abin da aka amince a kai ya kamata a rubuta shi, da boko ko da ajami, a sa adadi da ranaku, shaidu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa, duk biyan da aka yi daga baya kuma a karɓi shaidarsa. Waɗanda bashi ya yi wa katutu suna cikin kashi takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ba haƙƙin zakka, saboda haka dattijan da suka jagoranci zaman suna da hujjar kai sunan mutumin ga masu fitar da ita.

Banki, manhajar rance da 'yan sanda

Banki ba ya zuwa zaure, harshensa takarda ne, kuma guje masa ya daina amfani. Tun daga 1 ga Agustan 2020, wani tsari na Babban Bankin Nijeriya ya ba bankin da ya ba da rance damar bin lambar BVN ta wanda ya kasa biya ya ciri kuɗi daga asusunsa na wasu bankuna, matuƙar ya sa hannu a kan wannan sharaɗi lokacin karɓar rancen, dokar 2017 ta bayanan masu cin bashi kuma ta sa sunan wanda ya ƙi biya yana shiga rajistar da sauran masu ba da rance ke dubawa. Abin da ya fi wa mutum shi ne ya rubuta wa reshen bankinsa wasiƙa tun kafin ranar biya ta wuce, ya bayyana asarar da ta same shi da hujjojinta, ya nemi cikakken lissafin abin da ake binsa da ruwan da aka ɗora, ya faɗi abin da zai iya biya a wata, ya kuma tabbatar an buga hatimi a kan kwafinsa. Idan ya ga an cire masa abin da bai dace ba, ya fara kai kuka ga bankin a rubuce, in ba a warware ba ya wuce sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki. Ya kuma kiyayi ba da cekin da ya san babu kuɗi a bayansa don a sarara masa, domin dokar 1977 ta sanya wannan laifi ne mai ɗaurin shekara 2.

Shi ma mai bin bashi yana da iyaka. Manhajojin rance na waya da ke aika saƙon cin mutunci ga duk lambobin da ke wayar mutum sun sa hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta fara rufe wasunsu a 2022, kuma wanda aka yi wa haka yana da damar kai ƙara can, ko da yake hakan bai sauke masa asalin bashin ba. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, ta kuma hana kama ɗan'uwa a madadin wanda ake nema. Sai dai wanda ya kashe waya ya bar gari da dare ya sauƙaƙa wa masu binsa su kira lamarin zamba cikin aminci, ya bar iyalinsa da wanda ya tsaya masa suna amsa tambayoyin da shi ya kamata ya amsa.

Ƙasashen da suka daɗe da irin wannan doka ma a kan wannan gaɓa suka tsaya. A Amurka, da zarar mutum ya shigar da takardar karyewa ake dakatar da duk wani kira da ƙara daga masu binsa, amma dole ya bayyana a taronsu ya amsa tambayoyi bisa rantsuwa, a Ingila kuma tun 2021 ana ba mai bashi hutun kwana 60 daga matsin masu binsa domin ya nemi shawara ya tsara biya. Ko'ina kariyar da ake ba wanda ya karye ladan bayyana gaskiyarsa ce.

Kira ga 'yan kasuwa da manoman Alelu da Jega da Aliero da Maiyama shi ne su rubuta bashi tun ranar da aka ƙulla shi, komai kusancin da ke tsakani, wanda asara ta same shi kuma ya riga masu binsa zuwa zaure da lissafinsa a hannu. Shugabannin kasuwa da limamai da sarakuna su riƙa kiran irin wannan zama da wuri, su kuma adana rubutaccen abin da aka yanke. Masu bin bashi su tuna cewa wanda aka bar masa mutuncinsa da kayan sana'arsa yana iya komawa gona ya biya ragowar a kaka mai zuwa, wanda aka tozarta har ya bar gari kuwa ya tafi da haƙƙin kowa. Allah ya rufa asiri, ya ba masu bashi ikon biya.